Jinjina ga 'Yan Timidria

A ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela an san wahaya: macen da aka saya a matsayin "mata ta biyar", ba sadaki ba gado. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce kiwo. In ƙarfinta ya ƙare ko maigida ya rasu, sai ta wayi gari da tsufa da hannu wofi.

Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ta ƙi kawar da kai. Mutanenta ne suka tsaya wa Hadijatou Mani, wadda aka sayar a matsayin wahaya a 1996 tana 'yar shekara 12 kan jika 240 na sefa. Da ta auri wanda take so, ita aka kai kurkuku, wai aure kan aure. Abin kunya! Timidria da lauyoyi suka kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a 2008 ta ɗora wa gwamnatin Nijar laifin rashin kare ta, da diyyar sefa miliyan 10.

Dokar hukunta bauta tana nan tun 2003, amma takarda ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. 'Yan Timidria ke kai ta, har gaban masu rawani da ba su son jin zancen.