Shaidar Alƙalami: Littattafan Zanen Dalakurwa a Maroko

A cikin fannonin zane akwai wani wanda ma'abotansa na da ba su cika ɗaukarsa da girma ba, domin a wurinsu share fage ne kawai kafin a shiga aikin gaske, watau zana mutum yana tsakiyar harkarsa, da alƙalami da tawada da ɗan launin ruwa, ba tare da an zaunar da shi an ce ya daina motsi ba. Ni kuwa, gwargwadon abin da na duba, ina ganin a wannan fanni ne gaskiyar mai zane take bayyana fiye da ko'ina, kuma babbar hujjata ita ce 'yan littattafan aljihun da Bafaranshen nan Eugène Delacroix, wanda ake furta sunansa Dalakurwa, ya cika a ƙasar Maroko a shekarar 1832.

Sababin tafiyarsa siyasa ce. Faransa ta ci birnin Aljiyas a 1830, sai ta buƙaci ta san matsayin maƙwabcinta na yamma, Sarkin Maroko Maulaya Abdurrahman, saboda haka ta tura masa jakada mai suna Mornay, shi kuma jakadan ya ɗauki mai zane cikin ayarinsa. Suka sauka Tanja a ƙarshen Janairu, suka gana da Sarki a Miknasa ranar 22 ga Maris, kuma kafin Dalakurwa ya koma gida a watan Yuli, yana ɗan shekara talatin da huɗu, ya cika littattafai bakwai, waɗanda huɗu daga cikinsu suka wanzu har yau, uku a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, ɗaya a Chantilly.

Wanda ya buɗe shafi guda daga cikinsu zai ga rubutu da zane sun cakuɗe kamar sharhin almajiri a gefen matani. Ga wani mutum ya duƙunƙune cikin alkyabba a gindin ganuwa, layi biyar ko shida suka fitar da shi. Ga ƙofar gari a samansa. Ga kan doki ba gangar jiki. A tsakaninsu kuma rubutu yana ratsawa a karkace, yana faɗin launin kowane abu, ja ne ko kore, da inda inuwa ta faɗa. Dalilin wannan rubutu shi ne sau da yawa ba ya samun sukunin jiƙa burushi, wani lokaci ma a kan sirdi yake, sai ya kama siffar da fensir, ya ɗaure launin da kalma, in an sauka zango ya bi da tawada da ruwa tun abin bai dushe a zuciyarsa ba. Shi launin ruwa kuwa, garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan dai da malamanmu suke sa wa tawada don ta kama allo, wanda a wancan zamani Faransawa suke saye a bakin kogin Sanagal. Ɗabi'arsa ita ce ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Farin da ake gani a rawani ko a bango farin takardar ne da aka bari ba a taɓa ba, kuma daga haske ake farawa a gangara zuwa duhu, ta yadda in hannu ya kuskure, kuskuren zai zauna a fili har abada. Saboda haka wajibi ne mai wannan sana'a ya yanke hukunci kafin ya sa hannu, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai yafe, alhali mutumin da yake kallo bai tsaya jiransa ba.

A nan ne makaɗi ya zama zakara cikin waɗanda ake zanawa. Ranar 21 ga Fabrairu, tafintan ayarin, wani Bayahuden Tanja mai suna Ibrahim Benchimol, ya kai Dalakurwa wani bikin aure na Yahudawa, ya zauna a tsakar gidan yana duban makaɗa uku, mai goge irin na Turawa, da mai molon nan da Larabawa suke kira udu, da mai ɗan bandiri. Abin da ya rubuta game da mai gogen ya isa ya nuna irin kallon da ake nufi, domin ya lura da babban yatsansa a ɗage sama, ya lura da duhun da ke ƙarƙashin ɗaya hannun, da yadda haske ya zagaye kansa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ko mai kukuma a wurin biki ya san wannan hali: da zarar kiɗa ya kankama, makaɗin ya manta da idon jama'a, wuyansa ya karkata, kafaɗa ɗaya ta ɗaga, fuskarsa ta saki. Mutumin da aka ce ya zauna a zana shi yakan gyara zama ya gyara fuska, ya miƙa wa mai zane surar da yake so a gani, amma makaɗi ba shi da wannan dama, domin hankalinsa yana ga tsirkiya. Bugu da ƙari, motsinsa mai maimaituwa ne, hannu yana tafiya yana komowa wuri guda, sai mai zane ya jira komowar, ya ƙara layi ɗaya, ya sake jira, har alƙalaminsa ya shiga bin amon kiɗan ba da niyya ba.

Malaman fiƙihu sun bambanta shaidar wanda ya gani da idonsa da shaidar wanda ya ji ana faɗi, kuma a ganina bambancin nan ne yake tsakanin littafin aljihu da babban allon fentin mai. Dalakurwa ya zana wannan biki da fentin mai bayan ya koma gida, aka nuna shi a Faris a 1841, kuma ba na musun cewa aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a cikinsa an jera mutane yadda ido zai so, an daidaita hasken bango da koren baranda, shekara tara ta shiga tsakanin gani da faɗi, ya zama riwaya wadda mai ita ya tace. Shafin littafin kuwa, da gurguntakarsa da hannun da ba a ƙarasa ba, yana gaya maka iyakar abin da ido ya riska a wannan sa'a, kuma inda ya yi shiru, shirun ma shaida ne cewa lokaci ya ƙure. Wannan ne asalin da masu zanen titi na zamaninmu suka riƙe, irin ƙungiyar Urban Sketchers wadda Gabriel Campanario ya assasa a Siyatil ta Amurka a 2007, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne a yi zanen a wurin da abin yake faruwa.

Amma akwai wata mas'ala wadda ba zai halatta a tsallake ta ba, ita ce haƙƙin wanda ake zanawa. Dalakurwa ya koka a wasiƙunsa cewa Musulmin ƙasar suna ƙyamar a zana su, cewa sai ya saki 'yan kuɗi kafin wasu su yarda, kuma a Miknasa ba ya iya fita sai da rakiyar sojoji. Shi ya sa gidajen Yahudawa suka fi yawa cikin zanen da ya yi a natse, har ya zana matar tafintansa da 'yarta. Shi ya ɗauki wannan ƙyama duhun kai ne, ni kuwa ina ganin bai yi musu adalci ba. Ta fuskar hukunci, malaman Malikiyya, mazhabar da Maroko take kai kamar yadda muke kai, sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, watau gunki cikakke, wadda suka haramta, da surar da aka shimfiɗa a takarda, wadda suka tsaya a kan karhancinta, don haka mai tsantseni yana da madogara. Ta fuskar hali kuwa, mutanen nan sun san baƙon yana cikin ayarin ƙasar da ta ci maƙwabtansu shekara biyu da suka wuce, kuma wanda ya juya baya ga irin wannan ido mutuncinsa yake karewa. Kyawun shafin da aka sato daga mai barci a gindin ganuwa bai kankare cewa ba a nemi izininsa ba.

Makaɗi ne kaɗai ya fita daga wannan shubuha, domin shi ya fito ne don a kalle shi, kallo yana cikin ladan sana'arsa. A ƙarshen watan Maris, ayarin yana Miknasa, Sarki ya aiko musu da makaɗa Yahudawa mutanen Mogador, garin bakin teku da ake kira Sawira a yau, don su ɗebe wa baƙi kewa, Dalakurwa ya zauna gabansu da littafinsa a kan gwiwa. Bayan shekara goma sha biyar, a 1847, ya nuna allon da ya fitar daga wannan zama, suna zaune a ƙasa cikin ɗaki mai duhu-duhu, kuma sunan da ya raɗa wa allon ya ambaci sana'arsu da addininsu da garinsu.