Sharhi a kan Ƙa'idar Makomar Lamiri a cikin al-Itƙan na Suyuɗi

A nau'i na 42 na al-Itƙan, Imam Jalaluddini Suyuɗi (ya rasu 911 bayan hijira) ya tattara ƙa'idojin da mai tafsiri ke bukata. Daga cikinsu akwai cewa asali lamiri ya koma ga sunan da ya fi kusa da shi, amma in aka sami mudafi da mudafun ilaihi, sai ya koma ga mudafi, domin shi ake ba da labarinsa. Aibin wannan babi shi ne bai shimfiɗa ma'aunin da za a bi ba idan ƙa'idojin suka yi karo, shi ya sa ɗalibai ke riƙon ƙa'idar kusanci tamkar hujja yankakkiya.

A dubi aya ta 145 ta Suratul An'am, inda lamirin ƙazanta ya biyo bayan ambaton naman alade. Ibn Hazm ya mayar da shi ga alade saboda kusanci, ya kafa hujja da shi a kan dabbar ɗungurungum. Abu Hayyan kuwa ya mayar da shi ga nama. Kowannensu yana riƙe da ƙa'ida ingantacciya, nahawu kaɗai bai raba gardama ba.

Haka aya ta 79 ta Suratul Waƙi'a. In lamirin ya koma ga Littafin da ke ɓoye, tsarkakan mala'iku ne. In ya koma ga Alƙur'ani, hukuncin taɓa Mus'hafi ya shigo. Imam Malik a Muwaɗɗa ya fassara ta da ayoyin Suratu Abasa, ya kuma kawo wasiƙar Annabi (SAW) ga Amru bin Hazm a babin hanin. Ke nan bai ɗora wa lamiri nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

A aya ta 27 ta Suratur Rum matsalar ta haɗu da ismut tafdili. Kalmar “ahwanu” tana nuna fifiko, alhali babu abin da ya fi wani sauƙi ga Allah. Wasu suka ce ma'anarta mai sauƙi kawai, wasu suka mayar da lamirin ga halitta. Mai fassara zuwa Hausa da ya ce “ya fi sauƙi” ya riga ya zaɓi ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka kamata ya yi a karantar da wannan ƙa'ida a matsayin abin rinjayarwa, wanda siyaƙi, Sunna da aƙida ke iya gabata. Allah ne mafi sani.