Ganau Ko Jiyau? Tsokaci Kan Babin Ƙasar Sin a Rihlar Ibn Baɗuɗa

Manazarta tarihin ƙasar Hausa sun san Ibn Baɗuɗa ne ta fuskar zuwansa Mali da Takedda a tsakanin 1352 da 1353. Kaɗan ne daga cikinmu suke waiwayar abin da ya faɗa game da ƙasar Sin, alhali kuwa a cikin wannan babin ne ya ajiye wani labari na Gobir. Saboda haka ya kamata a auna babin, a san inda marubucin ya zama ganau da inda ya zama jiyau.

Abin lura na farko shi ne, ba a kan hanya aka rubuta littafin ba. Ibn Baɗuɗa ya sauka Zaitun, wato Quanzhou ta yau, wajen 1345 a matsayin manzon Sarkin Delhi, Muhammad bin Tughluq. Sai bayan ya koma Maroko ne Sarki Abu Inan ya sa ya yi wa Ibn Juzayy shifta, aka kammala a ƙarshen 1355. Ke nan kimanin shekara 10 ta shiga tsakanin gani da faɗi.

Duk da haka, idan ya zo kan harkokin yau da kullum bayaninsa yana da kamar na wanda ya taɓa abu da hannunsa. Ya siffanta kuɗin takarda, kowane kamar faɗin tafin hannu, ɗauke da hatimin sarki, wanda in ya yage sai a kai a sake wa mutum sabo ba tare da ladan canji ba. Wannan ya dace da abin da aka sani, domin daular Mongol ta buga irin waɗannan kuɗi tun 1260, kuma Marco Polo ma ya ambace su. Haka nan ya bayyana yadda ake rubuta sunayen baƙi a masauki da dare, a sake kiran su da safe, da yadda masu zane suke sura kamannin baƙo don a gane shi in ya yi laifi ya gudu. A kan wannan tsari ne ya yanke hukuncin cewa babu ƙasar da matafiyi yake samun aminci kamar Sin. Sai dai yabon bai hana shi faɗin cewa ƙasar ba ta kwanta masa a rai ba, har yakan kulle kansa a gida don kada ya ga abin da addininsa bai yarda da shi ba. Wannan furuci yana ƙara wa shaidarsa nauyi, tun da mai son burge masu sauraro ba ya cika tona ƙuncin zuciyarsa.

Matsalar tana kunno kai ne da ya nufi arewa. Ya ce ya isa Khanbaliq, wato Beijing, ya halarci jana'izar babban sarki, wanda aka binne tare da kuyangi 4 da bayi 6. Amma sarkin wannan zamani, Toghon Temur, ya hau mulki a 1333, bai mutu ba sai 1370. Wannan ne ya sa masana da dama suke ganin bai taɓa taka birnin ba, labari ne ya ji ya mai da shi nasa.

To, a daidai wannan wuri ne ya kawo zancen Kubar, wadda masana suka ɗauka ita ce Gobir. Ya ce wani babba daga ƙabilar Massufa da ya zauna can ya ba shi labarin cewa da sarkinsu ya mutu an so a binne ɗansa tare da shi, sai da ya fanshe shi da dukiya mai yawa. Wannan labari bai ji shi ba sai a tafiyarsa ta ƙasashen Sudan, bayan shekara bakwai ko takwas, kuma shi kansa bai ce ya shiga Gobir ba. Ya jawo shi nan ne don ya zama abin kwatanci ga jana'izar da ita ma ake shakkar ta.

Ba a ce a yar da labarin ba, domin ambaton Gobir a ƙarni na 14 ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ake bukata ga ɗalibin da zai kafa hujja da shi kawai shi ne ya faɗi cewa ruwaya ce ta mutum guda, ya kuma nuna wa mai karatu babin da ya tsamo ta.