Turke a Tsakar Gida, Kuma Babu Zarni

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina, har zuwa Maraɗi, da wuya mutum ya bi lungu ya kai ƙarshensa bai ji kukan akuya ko tunkiya daga bayan wata katanga ba. Kiwon gida asusun mata ne: da shi ake kayan ɗakin 'ya, da shi ake fita kunyar suna da biki, kuma ragon layya sau da yawa a nan yake yin ƙibarsa. Amma tsakar gidan da aka kafa turke a cikinta, ita ce dai wurin girki da shanya da wasan yara. Wani gidan tun daga zaure hanci zai gaya maka akwai dabbobi. Wani gidan kuwa sai a shimfiɗa maka tabarma, ka ci tuwo, ka yi la'asar, ba ka san da rago a bayan 'yar danga ba sai da ya yi kuka. Dabbobin iri ɗaya ne, filin ma kusan ɗaya. Hannun uwargida ne ya bambanta.

Ana yabon mai kitso, ana yabon mai girki, domin aikinsu yana fitowa fili a gani. Mai iya riƙon turke kuwa, idan aikinta ya yi kyau babu abin da za a gani ko a shaƙa, shi ya sa ba kasafai ake kula da gwanintarta ba. Alhali kuwa ilimi ne mai tsari, kuma masana kimiyya da suka bi diddigin wari sun tarar da abin da take yi tun daga kakanni.

Abin da ta fara ganewa shi ne kashin awaki da na tumaki ba shi ne mai laifi ba. Lafiyayyar akuya 'yan ƙwallaye busassu take zubarwa, tsintsiya tana ɗauke su tsaf. Fitsari ne matsalar. A cikinsa akwai yuriya, sinadarin nan da manoma suke saye a buhu su zuba wa masara. Lokacin da ya fito daga jikin dabba warinsa kaɗan ne. Sai ya kwanta a ƙasa mai laima, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin kashi da ƙasa su farfasa shi ya zama amoniya, iskar da take hawa kai ta sa ido hawaye. Ita muke kira zarni. Ƙwayoyin nan kuwa ba sa aiki sai da danshi da ɗumi da ɗan lokaci. Ɗumi dai ba mu da yadda za mu yi da shi a ƙasar Hausa. Saura danshi da lokaci, kuma a kan waɗannan biyu duk fasahar ta tsaya.

Shi ya sa gwana ba ta kafa turke inda ta ga dama. Takan nemi inda ƙasa ta ɗan yi tudu, inda hantsi yake dukansa, inda iska take ratsawa, nesa da rijiya da murhu da kuma inda indararo yake zubar da ruwa. Idan babu tudu sai ta yi shi: a kawo jar ƙasa a daddaɓe, a bar shi da ɗan gangare, a zuba yashi a sama. Yashin ne yake shanye fitsarin, rana ta busar da shi kafin ya yi tsami. Idan fili ya ba da dama, takan cire turken ta matsa da shi gaba, ta bar tsohon wurin ya sha rana. Bayan wani lokaci kuma a kankare saman ƙasar da ta ƙoshi da fitsari, a fitar da ita, a zuba sabuwa. Masu ganin siminti ne maganin komai sukan sha mamaki. Siminti yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotse fitsari ya riƙe, ga shi ba ya kankaruwa. Wanda ya zaɓe shi sai ya ɗauki nauyin wanke shi kullum, ya kuma san inda ruwan wankin zai tafi, don sakin ruwan turke ta rariya zuwa cikin lungu cin haƙƙin maƙwabci ne.

Shara kuwa sau biyu ce, kuma ta safe ba ta jiran rana ta ɗaga. Abin da dabbobi suka zubar da dare, idan aka bari suka tattaka shi ya haɗu da fitsari, an riga an makara. Da yamma a sake, kafin su kwanta.

A kan toka ne za ka raba gwana da mai kwaikwayo. Kowa ya san ana barbaɗa toka a turke, kuma tana da amfani: tana busar da wuri, ƙuda ba ya son ta. Amma toka 'yar'uwar kanwa ce, idan ta haɗu da jiƙaƙƙen fitsari sai ta ƙara saurin tashin amoniya. Wanda ya juye ta a kan caɓi zai ji zarnin ya bugo shi nan take, takin kuma ya rage ƙarfi, domin abin da ya tashi sama shi ne abincin shuka. Gwana takan share tukuna, ta kwashe jiƙaƙƙen wurin, sannan ta yayyafa toka sama-sama. Inda ake buƙatar abin da zai shanye ruwa sosai, ɓuntun shinkafa ko dusar katako ko ɓawon gyaɗa take shimfiɗawa, ta kwashe idan sun jiƙe.

Da rani da hunturu kusan kowa gwani ne, iska tana yi wa mutane rabin aikin. Damina ce take tona asiri. A lokacin ne ake ɗaure dabbobi wuni guda don kada su shiga gonaki, a lokacin ne suke cin ɗanyar ciyawa kashinsu ya yi laushi, ƙasa kuma ba ta bushewa. Mace mai lura tun kafin ruwan farko ta sa an gyara rufin rumfa, an tara busasshen yashi a inda ruwa ba ya taɓawa. Ciyawar da yara suka yanko takan baza ta ta ɗan sha iska, ta haɗa da harawa, don cikin dabba kada ya ɓaci. Wasu sukan jera katako ko duwatsu su yi ɗan dandamali, akuya kuwa dama ba ta son taka ruwa, da kanta za ta hau. Wannan kulawa ba don hanci kaɗai ba ce. Tunkiyar da take wuni a caɓi ita ce take kamuwa da ciwon kofato. Ga kuma ƙuda: ƙwan da ya saka a jiƙaƙƙen kashi yakan ƙyanƙyashe cikin kwana guda, kuma a lokacin zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsar ta zama ƙuda mai tashi. Duk gidan da tarin kashi ba ya kai mako a cikinsa ya yanke wa ƙuda zuri'a.

Akwai wari guda da shara ba ta maganinsa, shi ne na bunsuru. Hamaminsa daga wasu ƙofofin maiƙo da ke bayan ƙahonsa yake fitowa, ga shi kuma idan lokacin barbara ya yi yana fesa wa gemunsa da ƙafafunsa na gaba fitsari. A 2014 masana a Jami'ar Tokyo suka gano sinadarin da ke fita daga kan bunsuru wanda yake motsa jikin akuya ta shirya ɗaukar ciki, wato dai warin yana da aikin da yake yi. Matan gida ba su jira Japan ba. Tun tuni suka san a yi wa ɗan akuya fiɗiya yana ƙarami ya zama taure, ya yi ƙiba, nama ya yi daɗi, gida ya huta. Bunsurun barbara kuwa ɗaya ya ishi gidaje da yawa, a kai masa akuya ko a aro shi a mayar.

Sau da yawa kuma ana ɗora wa dabba laifin da ba nata ba. Dusar da aka kwaɓa da ƙasari, idan ta kwana a mazubi tsami take yi, tsamin da ya fi zarni shiga ɗaki. Gwana tana kwaɓa iya abin da za a cinye, ta wanke mazubin ta kife shi a rana. Kaji ma haka lissafinsu yake: kashinsu ba ya damun kowa matuƙar yana bushe, ruwan sha ne da ya zube a akurki yake tayar da shi. Sai a ɗaga mazubin ruwan, a share ƙarƙashi, a ajiye musu busasshiyar ƙasa da toka su yi birgima su kakkaɓe ƙwarƙwata.

Kyanwa tata hanyar daban ce, don ita har kan gado take hawa. Musulmi ba sa ƙyamarta, ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Amma a mazhabar Malikiyya akwai bambancin da mai riƙon gida take sane da shi: fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta, irin akuya da tunkiya, ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, na kyanwa kuwa najasa ne. Ke nan sallaya da tabarmar salla suna buƙatar tsaro daga mage fiye da daga rago. Ga shi fitsarin nata ya fi ƙarfi. Kakanninta na daji a busassun ƙasashe suka rayu, jikinta ya saba tattalin ruwa, fitsarin yana fita da kauri. Na muzuru ya fi muni, domin yana ɗauke da wani sinadari mai farar wuta, da shi yake shata iyakar yankinsa a jikin bango da ƙofa. Idan likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya, yawanci feshin da warin duk suna raguwa.

Sauƙin kyanwa shi ne ita ma tana son tsafta, binne kashinta take yi. Abin da take nema kawai wuri mai taushin tonawa, a kusurwar da ba a yawan wucewa, nesa da inda take cin abinci. Tsohon baho da yashi ya wadatar. Idan aka bar shi ya ƙazantu za ta ƙaurace masa ta koma bayan randa ko cikin buhun hatsi, don haka kullum ake kwashewa. A nan ma akwai dalilin lafiya. Kashin kyanwa yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da take yi wa ɗan tayi illa, amma ƙwayar ba ta fara harbi sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Mai kwashewa kullum ta riga ta. Duk da haka mace mai juna biyu ta bar wa wani aikin. Mutanen Amurka ma da yashi da toka suke cika bahon kyanwa, har zuwa 1947 da wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan, Edward Lowe, ya ba maƙwabciyarsa busasshen yumɓu mai shan ruwa ta gwada, don kyanwarta tana bin gida da sawun toka. Daga nan aka fara ƙulla shi a jaka ana sayarwa, har ya zama babbar sana'a.

Sai maganar kayan kanti, inda masu kuɗi suka fi yin kuskure. Ruwan bilic idan ya haɗu da fitsarin da ya riga ya yi zarni yana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da huhu, musamman a rufaffen wuri. A fara wankewa da ruwa da sabulu a ɗauraye, sannan in ana so a bi da shi. Magungunan nan kuma masu mayar da ruwa fari, irin su Izal da Dettol, suna da sinadaran da hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa, ta taka ta lashe ƙafa sai ciwo. Turaren wuta kuwa, duk da ƙaunar da muke yi masa, ba ya kashe wari. A gidan da aka share aka busar, hayaƙin kasko ƙawa ne. A gidan da ba a yi ba, turare da zarni suna haɗuwa su haifi wani abu na uku da ya fi kowannensu tayar da zuciya, ya kuma kama labule da tufafi.

Abin da aka kwashe daga turke ba juji ake kai shi ba. Taki ne, kuma kuɗi ne. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar Kano tun daga shekarun 1960, ya nuna yadda gonakin kewayen birnin suke ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba, kuma taki na cikin manyan dalilan. Jakunan da suke shigo da itace birni, da mangalar taki suke komawa. Har yau manomi ya fi son busasshen takin awaki da tumaki wanda ruwan sama bai wanke ba. Uwargidan da take ɗura shara a buhu ta jingine a inuwa ta sami gida mai tsafta, ta kuma sami abin sayarwa kafin shuka.

Abu ɗaya ne gwana ba ta yarda da shi ba: hancinta. Hanci yana sabawa da warin da yake zaune a cikinsa, cikin ɗan lokaci ya daina jinsa. Shi ya sa za ka ji ta tambayi ƙanwarta da ta zo daga wata unguwa, "Don Allah gaya mini gaskiya, kin ji wani abu da kika shigo?" Ko kuma ta lura da abin da ya fara tarbar ta a zaure idan ta dawo daga unguwa.

Ku kuma masu gida, da kuke zuwa da baƙi kuna nuna musu ragon layya kuna alfahari, ku sani aikin nan yana da kayan aiki. Kafin hadari ya fara haɗuwa, a kawo mata yashi ko da baro biyu ne, a toshe yoyon rumfa, a sayo sabuwar tsintsiya da shebur, a kuma sa samarin gida su riƙa fitar da buhunan takin.