Ɗanmu Na Ofis: Sharhi Kan Littafin No Longer at Ease

A 1960, shekarar da Nijeriya ta samu 'yancin kai, Chinua Achebe ya fitar da littafinsa na biyu mai suna No Longer at Ease. Yawancin yaranmu da suka yi sakandare sun san na farkon, Things Fall Apart na 1958, amma wannan ƙanen nasa ba kowa ya waiwaye shi ba. Mu kuwa mazauna zango a Legas, a ganina shi ya fi kusa da mu. Labari ne na wani ma'aikacin gwamnati a wannan gari, da 'yan garinsu da suka zo neman abinci suka zauna, suka kuma zuba masa ido. Marubucin ya san abin da yake faɗa, domin tun 1954 yake aiki a gidan rediyon gwamnati a Legas, ya ga ofis daga ciki.

Ga labarin a taƙaice. Ƙungiyar 'yan garin Umuofia, wani gari na ƙasar Ibo, ta yi karo-karo ta tara fam 800 ta tura Obi Okonkwo karatu Ingila, a kan zai biya idan ya dawo. Lauya suke so ya zama don ya tsaya musu a shari'o'in gonaki, shi kuma ya je ya karanta Turanci. Da ya dawo sai ya samu aikin sakataren hukumar ba da tallafin karatu, da gida a Ikoyi da mota. Ya shiga ofis da ra'ayin cewa cin hanci ciwon tsofaffin ma'aikata ne, da zarar matasa 'yan jami'a sun karɓi kujerun shi ke nan an warke. Littafin ya buɗe da shi a gaban alƙali kan karɓar toshiyar fam 20. Tun shafin farko ka san ƙarshensa. Abin da ya rage shi ne ka ga ta yaya aka kai can.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne ƙananan abubuwan ofis, waɗanda duk wanda ya taɓa zama bayan tebur zai gane su nan take. Tun a intabiyu wani daga cikin masu tantancewa, wanda ya sha gyangyaɗinsa har aka kusa tashi, ya farka ya tambayi Obi ko don ya ci hanci yake neman aikin. Obi ya mayar masa da amsa mai zafi. Da ya ba abokinsa Joseph labari, sai Joseph ya yi masa faɗa, a kan mai neman aiki ba shi da ikon yin fushi. Wane ne a cikinmu bai ji irin wannan nasiha ba? A ranar farko a bakin aiki kuma, shugabansa Bature, Mista Green, ya gyara masa zama a kan bai ce masa “sa” ba, wato yallaɓai irin nasu. A gefe ga Mista Omo, tsohon ma'aikaci mai shekara 30 a aiki, jikinsa na ɓari idan Green ya kira shi. Amma wannan Omo ɗin shi ne ya yi wa Obi dariyar raini, wai yana da digiri bai san ana manna kan sarki a takardar yarjejeniya ba. Haka ofis yake har gobe: wanda aka taka daga sama sai ya nemi wanda zai taka, ko da sabon zuwa ne da ya fi shi matsayi.

Joseph ma abin kallo ne. Akawu ne, kuma idan ya ɗauki tarho a ofis sai murya ta sauya, ba ya yin Ibo, ba ya yin Turancin kasuwa. Yana ajiyewa sai ya juya ga abokan aiki yana faɗa musu da ɗan'uwansa ya yi magana, wanda ya dawo daga Turai. Yau wayar hannu ce, amma halin bai sauya ba.

Wurin da ya kamata mu tsaya mu yi tunani shi ne zuwan Mista Mark. Mutumin ya shigo ofis ya fara magana da Turanci, sai ya lura da Baturiyar sakatariya, Marie Tomlinson, wadda suke ɗaki ɗaya da Obi, nan da nan ya koma harshen gida ya rage murya. Ƙanwarsa ce ke neman tallafin karatu, ya zo a “gyara”. Obi ya sallame shi. Jama'a, wannan ai mu ne. Sau nawa mutum zai shiga ofishin ɗanmu a Alausa ko banki a Marina, ya tarar da shi cikin abokan aiki Yarabawa da Ibo, sai ya ja kujera ya juya harshe zuwa Hausa? Gaisuwa da harshenka ba laifi ba ne, daɗi ma gare ta a baƙon wuri. Matsalar ita ce abin da sauran mutanen ɗakin suke karantawa. Su abin da suka gani shi ne an rage murya an sauya yare, kuma ko tambayar lafiyar tsohuwa ka yi, ka bar wa yaron zargi a kan teburinsa ka tafi.

Achebe bai nuna Obi a matsayin makwaɗaici ba. Lissafi ne ya kayar da shi. Albashinsa ya kusa fam 50 a wata, a lokacin da wasu 'yan ƙungiyar ba su wuce fam 5 ba, don haka a idonsu ya gama tsira. Kallon kitse suke yi wa rogo. Fam 20 na tafiya biyan bashin ƙungiya kowane wata. Akwai na iyaye a gida, akwai kuɗin makarantar ƙanensa, akwai wuta, akwai haraji, ga inshorar mota wajen fam 40 da ta faɗo masa lokaci guda, duk da Green ya gargaɗe shi tun farko. Har masinjan ofis ya ci bashin sule 30 a hannunsa ya kasa biya, ya rubuto doguwar takardar ban-haƙuri. Obi ya koma kashe firji da dare da rage cefane, amma bai iya sayar da motar ba, domin babban ma'aikaci ba mota abin kunya ne ga garin gaba ɗaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai na mai ofis a ɓoye yake ƙarƙashin farar riga.

Ƙungiyar ita ma ba ta fita ba. A zaman da Obi ya roƙi a ɗaga masa ƙafa na wata 4 kafin ya fara biya, a wannan zaman aka amince a ranta wa wani korarren masinjan gidan waya fam 10 don ya nemi wani aikin, kowa kuma ya san hanyar da kuɗin za su bi. Sannan shugaba ya sako maganar Clara, yarinyar da Obi ke son aura, wadda al'adarsu ta hana shi saboda asalinta. Obi ya fusata ya fice, ya ce a bar sassaucin. Girman kai ya sa ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Bayan an kama shi, abin da ya fi damun wasu dattawan shi ne ƙanƙantar kuɗin, da kuma rashin wayonsa da ya karɓa da hannunsa maimakon ya ce a kai wa yaron gida. Duk da haka su suka biya masa lauya. Wannan gaskiya ce mai ɗaci game da zumunta: tana rufa maka asiri, tana kuma iya tura ka ramin da za ta zo ta ciro ka.

Ko shi Green ba a zana shi da baƙin fenti kaɗai ba. Yana raina 'yan Afirka a baki, amma ba ya wasa da aiki, yakan kai dare a ofis, kuma Marie ta faɗa wa Obi cewa shi ke biya wa 'ya'yan mai yi masa hidima kuɗin makaranta. Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin oga mai baƙar magana amma mai riƙon amana ya san wannan ruɗani.

To, littafin yana da nasa rauni, kuma ya kamata a faɗa. Na farko, faɗuwar Obi an yi ta a gurguje. Babi 18 ana gina mana mutum mai taurin kai kan gaskiya, sai a babi na 19, bayan rasuwar mahaifiyarsa da rabuwarsa da Clara, a 'yan shafuka ya karɓi na farko, ya saba, aka kama shi. Mai karatu na son ya zauna da shi a waɗannan watanni, ya ga yadda yake kallon Marie da safe, yadda yake buɗe fayil ɗin yaron da ubansa ya kawo “goro”. An dai gaya mana ba ya karɓa sai a kan wanda ya cika sharuɗɗa, wanda shi ne irin uzurin da mutum ke lallashin zuciyarsa da shi, amma ba a tsaya a kai ba.

Na biyu, aikin kansa ba a cika ganinsa ba. Muna ganin Obi yana hira, yana lissafin bashi, amma da wuya mu gan shi yana tantance takardun ɗalibai, alhali nan ne amanar take. Na uku, ƙananan ma'aikata kusan duk abin dariya aka mai da su, ta hanyar karyayyen Turancinsu ko tsoronsu. Omo yana jiran ɗansa ya gama karatun lauya a Ingila ne kafin ya yi ritaya, ka ga mutum mai labari, amma an wuce shi da sauri. Mu da da yawa daga cikin iyayenmu suka shiga ofisoshin Legas ta ƙofar gadi da direba da masinja, mun san akwai hikima da haƙuri a wannan mataki da littafin bai leƙa ba. Clara ma ma'aikaciyar jinya ce, amma wahalar aikinta ba ta samu shiga ba. Kuma kada mai karatu ya sa ran ganin Bahaushe cikin manyan mutanen labarin, babu shi.

Duk da haka, shekaru sama da 60 bayan fitowarsa, fam ya koma naira tun 1973, babban birni ya koma Abuja a 1991, Green ya tafi, amma teburin Obi yana nan. Yanzu yaranmu ne a kansa, maza da mata, 'yan Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda aka sha wuya kafin su yi karatu. Kuma mu ne ƙungiyar. Mu ne ke zuwa ba sanarwa a tsakiyar aiki, mu zauna awa guda, idan an ce mu jira a waje mu koma unguwa muna cewa ya fara girman kai. Mu ne ke kira sau biyar yana cikin taro. Mu ne ke ajiye ambulan mu ce na goro ne, alhali mun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ladabin kai ziyara ofis ba shi da wuya. A kira kafin a je. A gaida kowa da ke ɗakin da harshen da suke ji. Maganar gida a bar ta sai an koma gida. Idan yaro ya ce wannan ba ya cikin ikonsa, a yarda da shi, kada a kai ƙararsa wurin mahaifinsa. Su kuma 'yan ofis, darasinsu daga Obi shi ne su faɗi gaskiyar aljihunsu tun da wuri, su karɓi sassauci idan an yi musu, su kuma girmama masinja da akawun da suka tarar.

Littafin ƙarami ne, Turancinsa mai sauƙi, ana gama shi a kwana biyu. Duk wanda ya samu takardar kama aiki a unguwar nan ya nema ya karanta. Wanda kuma ke da ɗa ko ƙane a ofis, ya sa a karanta masa babin zuwan Mista Mark kafin ya sake kama hanyar Alausa.