Tumbin da Aka Zana da Mai Tumbin da Aka Manta

Littattafai biyu na ƙarni na 19 sun ishi mai son ganin yadda likitocin Turai da Amurka suka koyi kallon tumbin ɗan'adam. Na farko shi ne babban kundin Jean Cruveilhier na Faransa, wanda ya riƙa fitowa kashi-kashi daga 1829 zuwa 1842. Na biyu ɗan littafin William Beaumont ne, likitan sojan Amurka, wanda ya fito a 1833.

In ana maganar kyan zane, ba a ma haɗa su. Cruveilhier ya dace da gwanin mai zane, Antoine Chazal, aka buga zanukan sannan aka shafa musu launi da hannu. Za ka ga an tsaga tumbi an shimfiɗe shi kamar yadda mahauci ke baje kayan ciki a teburinsa, ga gyambo nan zagayayye, bakinsa tsaf kamar da ƙarfe aka huda. Da irin wannan aiki Cruveilhier ya rarrabe gyambon ciki, wanda ke iya warkewa ya bar tabo, da ciwon daji. Sai dai kowane tumbi a kundin na gawa ne. Zanen yana nuna inda cuta ta ƙare. Yadda ta faro kuwa, ya yi shiru.

Zanukan Beaumont ba launi, ba armashi, amma tumbin cikinsu mai rai ne. A ranar 6 ga Yuni 1822, a tsibirin Mackinac, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani matashi ɗan Kanada, Alexis St. Martin, a gefen hagu. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar kafa da ta zarce har cikin tumbi. Ta wannan kafa Beaumont ya riƙa zura nama ɗaure da zaren siliki, ya jawo ya duba, ya kuma ɗebi ruwan tumbi. Gwaji sama da 200 ya yi, ya tabbatar da cewa sinadarin da ke cikin ruwan ne ke narkar da abinci, ya kuma lura cewa fushi na dagula aikin tumbi.

To, dubi zanukan da kyau. Ga nono, ga kafar, ga naman da ya leƙo waje. Fuska fa? Babu. Duk mai tsara manhajar kwamfuta ya san cewa abin da ba a yi wa gurbi a rumbun bayanai ba, kamar bai taɓa faruwa ba ne. Haka aka yi wa St. Martin: an yi wa raminsa gurbi, shi ba a yi masa ba. Zanen bai gaya maka cewa shi ke faskaren icen gidan likitan ba, ko cewa a 1832 ya sa alama a takardar yarjejeniyar dala 150 a shekara, alhali bai iya karatu ba. Hatta fushin da Beaumont ya rubuta a matsayin sakamakon gwaji, fushin mutum ne da ake ta zura wa zare a ciki.

Iyalinsa sun fi littafin fahimtar lamarin. Da ya rasu a 1880, sai da suka bar gawar ta fara lalacewa, sannan suka binne ta a kabari mai zurfi don kada likitoci su tono ta.

A ganina kundin Cruveilhier ya fi gwaninta, na Beaumont ya fi nauyi a zuciya. Dukkansu sun cancanci kallo, musamman yau da likita ke zura kyamara ta maƙogwaro ya ɗauko hoton tumbi cikin 'yan mintuna, ɗalibai kuma na tura wa juna irin hotunan ta waya. Kafin ka yaba hoton, ko ka tura shi gaba, tambayi kanka: tumbin wa ne, kuma ya yarda?