Cibiyar Pompidou da Al'adar Shiga Gidan Zane

A ƙarni na 19 Turawa sun saba gina gidajen ajiye zane-zane da siffar fada: manyan ginshiƙai, matakala masu faɗi, da tsit ɗin da ke sa talaka ya tsargu tun daga bakin ƙofa. Wannan kwarjini ne Cibiyar Pompidou da ke birnin Faris ta zo karyawa. Shugaban Faransa Georges Pompidou ya so a yi wuri guda da zai haɗa zane, littafi, kiɗa da sinima, a unguwar Beaubourg, a wani fili da ya koma wurin ajiye motoci. A gasar 1971 an gabatar da taswirar gini 681, sai ta wasu matasa da ba su yi suna ba, Renzo Piano ɗan Italiya da Richard Rogers ɗan Ingila, ta yi nasara. Pompidou bai ga ginin ba. Ya rasu a 1974, aka buɗe a Janairun 1977.

Ginin kamar riga ce da aka sa bai-bai. Duk abin da magina ke ɓoyewa cikin bango an fito da shi waje, kowanne da launinsa: shuɗi na bututun iska, kore na ruwa, rawaya na wutar lantarki, ja na hanyoyin hawa da sauka. Mutanen gari suka yi ta masa ba'a, suna kiransa matatar mai. Amma akwai dabara a ciki, domin da aka kwashe kayan zuwa waje kowane hawa ya zama fili fetal, ana iya yanka shi yadda ake so. Rabin filin kuwa ba a gina shi ba, an bar shi dandali mai gangara inda masu wasan dabo da makaɗa ke tara jama'a. Matakala mai tafiya da kanta tana bin jikin ginin cikin bututun gilashi, lokacin da ginin ke buɗe kana hawa rufin gidajen Faris na bayyana a hankali, har ka hango hasumiyar Eiffel. Da farko hawanta kyauta ne, kuma da yawa don ita kaɗai suke zuwa.

Jama'a sun yi wa wurin yawa fiye da yadda aka tsara, har ginin ya gaji. Aka rufe shi don gyara a 1997, kuma da aka sake buɗewa a 2000 sai da tikiti ake hawa matakalar, masu zuwa laburare aka ware musu ƙofa ta daban. Haka aka yi shekaru. Kwarjinin da aka kora ya dawo ta bayan gida.

A ganina laburaren ne ya fi cika alkawarin masu ginin. Kafin a rufe ginin a 2025, ba a neman katin zama mamba, ba a biyan ko sisi, ba a ba da aron littafi, a nan za ka zauna ka karanta. Ɗalibai, baƙin haure masu koyon Faransanci, da marasa matsuguni masu gudun sanyi, duk layi ɗaya suke bi. A saman bene kuwa, inda zane-zanen Matisse da Kandinsky suke a lokacin, tsohuwar al'ada na nan daram: a rage murya, a riƙe hannu a baya, a sunkuya a karanta ƴar takardar gefe kafin a ɗaga kai a kalli aikin. An sauƙaƙa shiga, amma sanin abin da ake kallo yana hannun waɗanda suka gaji saninsa.

Dubi aikin Marcel Duchamp na 1917, kaskon fitsarin maza da ya sayo, ya kwantar, ya sa masa hannu da sunan bogi. Nufinsa ya yi wa tsarkin gidan zane shaguɓe. Na asalin ya ɓata, na Pompidou kwafi ne na 1964, amma ana tsaronsa kamar zinariya. A 2006 wani mai fasaha, Pierre Pinoncelli, ya buga masa guduma, ya ce abin da Duchamp ya fara ne yake ƙarasawa. Kotu ba ta ga abin dariya ba, ta hukunta shi.

Sai kuma batun wa ke yanke abin da ya cancanci a kira shi na zamani. A 1989 Jean-Hubert Martin ya shirya baje kolin Magiciens de la Terre, a Pompidou da zauren La Villette, da masu fasaha kusan 100, rabinsu daga wajen Turai da Amurka. Daga Najeriya akwai Twins Seven-Seven da Sunday Jack Akpan mai mutum-mutumin siminti, daga Gana akwai Kane Kwei mai akwatunan gawa masu siffar kifi da mota. An yaba, an kuma soki zaɓin, domin daga Afirka an fi ɗauko waɗanda ba su yi makarantar zane ba, aka tsallake waɗanda suka yi, kamar dai Bature ne kaɗai ke da damar zama ɗan zamani da ilimi. Sai a 2025 cibiyar ta yi babban baje koli, Paris Noir, kan baƙaƙen fata da suka yi aikin zane a Faris daga 1950 zuwa 2000. A Satumbar shekarar aka rufe ginin baki ɗaya don cire asbestos da sabunta shi, ana sa ran buɗewa a 2030.